Ɓerayen da Na Soke da Jan Biro

Nas ta ajiye takardar a kan teburin gadona, ta ɗora biro a kai, ta nuna mini da farce inda zan sa hannu. Shafi goma sha ɗaya. Ta ce ba sai na wahalar da idona ba, ai likita ya riga ya yi wa 'yata bayani.

Na ce, "'Yata za a soka wa allura a zuciya, ko ni?"

Auta, wadda ke zaune a kujerar bakin taga da jaka a cinya, ta runtse ido. Ita ce ƙarama cikin 'ya'yana, lauya ce, kuma ta san idan na ɗauko tabarau to zance ya yi tsawo.

"Mama, don Allah. Sati shida muna jiran ranar nan."

"Minti ashirin ba zai kashe ni ba. In ma ya kashe ni, kin huta da rakiya."

Bara ne jijiyar jini ta toshe a zuciyata ina tsakiyar shanya. An buɗe ta, amma kafin a buɗe wani yanki na tsokar ya riga ya mutu ya zama tabo, tabo kuwa ba ya bugawa. Tun daga nan matakalar gidana mai hawa goma sha huɗu ta zame mini tafiya. A ta shida nake tsayawa in dafa bango, in yi kamar ina duba fenti. Da magunguna suka yi iya yinsu, sai aka sa ni cikin wani gwaji da asibitin ke yi. An zura siririn bututu ta jijiyar wuyana, aka gutsuro tsokar zuciya 'yar mitsitsiya, aka kai ta ɗakin rainon ƙwayoyin halitta. A cikin tsokar akwai wasu jariran ƙwayoyi da ba su gama zama komai ba tukuna. Su ake tsincewa a raina a faranti har su kai miliyoyi, sannan a mayar da su gefen tabon da allura, da fatan za su zauna su taimaki tsokar ta farfaɗo. Ranar da aka gutsuro, bugun zuciyata ya rikice har sai da aka dawo da shi da lantarki, likitoci suka ce ba za a ƙara ba. Tuli ɗaya ke nan nake da shi, babu na biyu. Washegari da safe za a zuba mini.

A shafi na bakwai na tsaya. An rubuta cewa za a raba ƙwayoyin ɗai-ɗai, a wanke, a ƙirga, a zuba cikin ruwan gishiri, a yi allurar kafin awa ɗaya ta cika. Ƙasa kaɗan kuma, cikin haruffan da aka yi don kada a karanta, an ce yawancin ƙwayoyin ba sa daɗewa a inda aka sa su.

"Yawanci nawa ke nan?" na tambayi nas.

Ba ta sani ba. Na ce ta kira mini Farfesa.

"Mama, Farfesa ba ya hawowa ɗakin kwanciya haka kawai."

"Ce masa wadda ta koya masa wankin kwalba ke nemansa."

Shekara talatin da ɗaya na yi a wannan ɗakin raino, a ƙasan ginin da nake kwance, kafin in yi ritaya. Ni ba likita ba ce. Ma'aikaciyar gwaje-gwaje ce, irin waɗanda ake gode wa a layin ƙarshe na takardar bincike idan wuri ya ragu. Farfesa yana ɗalibi ya zo hannuna. A satinsa na farko ya fasa kwalabe huɗu, muka sa masa Fasa-Kwalba, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura, sai dai yanzu ba mai faɗa a gabansa.

Bai kai rabin awa ba ya shigo, da ƙaton tumbi da taye, wata siririyar likita na biye da shi. Na lura da farin tabo a yatsanta, irin ƙunar da ruwan daskarewa ke yi, na san ita ce mai aikin da hannunta. Dakta ake ce mata.

"Malama! Ashe ke ce a gado na tara. Na ga sunan a takarda, na ce ko wata ce."

"Ka ga sunan ka ɓuya dai. Zauna. Bayan kwana ɗaya da allura, ƙwayoyi nawa ke saura a zuciya?"

"To, abin ya danganta da..."

"Fasa-Kwalba. Cikin ɗari, nawa?"

Dakta ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa don dariyar da take dannewa. Ya gyara taye.

"Biyar. Wani lokacin ma ba su kai ba."

Auta ta miƙe zaune sosai. "Biyar? Sauran casa'in da biyar ɗin fa?"

Ya juya gare ta, don ta fi ni sauƙin kallo. Ya ce zuciya ba ta tsayawa a yi mata aiki, tana matsewa wajen sau dubu ɗari a rana. Wasu ƙwayoyin ta ramin allurar ake tatso su waje, wasu jini ya kwashe su ya kai huhu da hanta, wasu su mutu a wurin. "Shi ya sa muka ƙara adadi. Da miliyan goma muke zubawa, yanzu ashirin da biyar. Haka ake yi ko'ina a duniya."

Na ce, "Wato bokiti na yoyo, dabarar da duniya ta samo ita ce a ƙara ɗebo ruwa. Me ya sa sai an raba su ɗai-ɗai?"

Sai ya yi murmushi, irin na wanda ya daɗe yana ajiye da amsa.

"Ke kika koya mini, Malama. Ke ce mai tsayawa a bayanmu. In kika leƙa madubin ƙara girma kika ga dunƙule ɗaya tak, sai ki ce a zubar a sake."

Gaskiyarsa. Ƙwayoyi a faranti ba sa yawo. Suna manne da ƙasan farantin, suna kuma riƙe da juna da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ke jikinsu, mu a ɗakin hannaye muke ce musu. In za a ɗaga su, akwai ruwan da ake zubawa ya narkar da riƙon, muna kiransa ruwan aski don aske hannayen yake yi ƙwal. Daga nan a zuƙe su da bututu a fesar, a zuƙa a fesar, har sai kowace ta rabu da 'yar'uwarta. Dalilin kuwa ɗaya ne: dunƙule ba ya ƙirguwa. A zamaninmu da ido muke ƙirga a ƙarƙashin madubi. Yanzu inji ke yi, in ya ga dunƙule sai ya kunna jar fitila. Mun so lamba mai tsabta a takarda, muka aske wa ƙwayoyi hannu, muka jefa su cikin tsokar da ba ta daina matsa, sannan muka zauna muna mamakin yadda suka kasa riƙewa.

Na ce, "Ka tuna Sannu-Sannu?"

"Allah ya jiƙansa. Mai shayi."

Abokin aikina ne, ya girme ni. Komai nasa a hankali. Ruwan aski minti bakwai ake bari, shi yana cika biyu zai wanke, wai kada su sha wuya. Zuƙa da fesawa ashirin ake yi, shi biyar. Sannan ya mayar da su akwatin ɗumi ya tafi shan shayinsa, sai bayan awa ya dawo. Kullum ƙwayoyinsa dunƙule-dunƙule. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da muka fara gwada wannan aiki a ɓeraye, ɓeraye goma sha ɗaya suka faɗa ranakun da yake bakin aiki. Da muka yanka zukatansu muka duba, launin shuɗin da muka yi wa ƙwayoyin alama da shi ya cika gefen tabon, alhali a sauran ɓerayen sai ka yi ta nema. Na ce ƙazantar aiki ce, dunƙule ne ya riƙe launi. Na ɗauki jan biro na soke su duka, na rubuta a gefe cewa haɗin ya lalace. Bai yi musu ba. Ya ce, "Ke ce babba a ɗaki, ƙanwata," ya koma kan shayinsa.

Abin bai dame ni ba sai da na yi ritaya na fara dashen barkono a tukwane a baranda. Na tumɓuke shukokin, na kakkaɓe ƙasar saiwarsu tas don su yi kyan gani, na dasa. Duk suka kwanta. Mai sayar da irin ya tambaye ni ko da gangan nake kashe su. Ranar na daɗe a zaune da tukunya a gabana, ɓeraye goma sha ɗaya na yawo a kaina. Amma wa zan gaya wa? Na riga na miƙa makullin ɗaki.

Na mayar wa nas bironta. "Ba zan sa hannu ba."

"Mama!"

Farfesa ya jawo kujera kusa da gadon, ya sauke murya. Ya ce dunƙule na iya toshe ƙaramar jijiya ya jawo mini wani bugun, wanda ba zan tashi ba. Ya ce tsarin nan kwamitin ɗa'a ne ya amince da shi, ko waƙafi ba shi da ikon canzawa. Ɓeraye goma sha ɗaya da aka soke kuma ba hujja ba ce. Ƙwayoyina sun kai, in ba a zuba gobe ba sai a daskarar, wajen narkarwa kuma ɗaya cikin biyar kan mutu. "Sannan zuciyarki, Malama. Na ga hotonta. Ba mai jira ba ce."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ba ni haushi.

"Ban ce ka canza mini gobe ba, ban haukace ba. Daskarar da su. Ka ɗebi kashi ɗaya cikin goma ka gwada a ɓeraye, rabi yadda kuke yi, rabi yadda Sannu-Sannu ke yi. A tace da rariya don manyan dunƙule su tsaya. Ai cikin tsoka kuke sokawa, ba cikin jijiya ba. In na faɗi, ka kawo takardarka in sa hannu har sau biyu."

"Ba haka ake yi ba."

"Ƙwayoyin na waye?"

Na miƙa wa Auta takardar. "Lauya, duba mana shafi na tara."

"Ba zan duba ba."

"Kuɗin makarantar da na biya fa?"

Ta fizge takardar, ta karanta da murya kamar mai tauna tsakuwa. Mai shiga gwaji na da ikon ɗagawa ko janyewa a kowane lokaci, kuma ba za a yi komai da abin da aka ɗauka daga jikinsa ba sai da yardarsa. Ta jefar da ita kan gado. "Kin ji daɗi? Da bakina kika sa na karanta."

Farfesa ya miƙe. Ya ce zai daskarar, tunda haƙƙina ne, amma ba shi da ma'aikacin da zai ɓata wa lokaci a kan labarin mai shayi.

"Zan yi, ranka ya daɗe," in ji Dakta. Ita ce maganarta ta farko. "Akwai ɓeraye ashirin da huɗu da suka rage daga aikin da aka gama, kuma izininsu bai ƙare ba."

Ya dube ta, ya dube ni, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Da yamma, kafin a sallame ni, Dakta ta tura ni a keken marasa lafiya zuwa ɗakin ajiya da ke ƙarshen baranda ta ƙasa. Wari bai canza ba, na tsohuwar takarda da roba. Na nuna mata kabad na uku, bayan wani mataccen injin juya jini. Littafin da muke rubuta sakamakon ɓeraye, mai koren bango, yana nan inda na bar shi. Ta buɗe a cinyata, muka bi shafukan har muka iso. Layi goma sha ɗaya ja, miƙaƙƙu, da rula na ja su. A ƙarƙashinsu rubutun Sannu-Sannu mai kwanciya yana nan ana karantawa.

Ta bi lambobin da yatsanta mai tabo. "Malama, wannan ai ya ninka na sauran sau biyar."

"Na gani tun a lokacin. Hannuna bai yi rawa ba."

Ta ce, "Bara sau uku injin ya kunna mini jar fitila. Sau ukun na zubar a kwata, ban ko rubuta ba."

"To kin fi ni laifi. Ni aƙalla na bar gawar a inda za a gani."

Ta yi dariya har da share ido. Na zayyana mata aikin: ruwan aski minti biyu, fesawa biyar, awa guda a akwatin ɗumi don hannayen da aka taɓa su sake tsirowa, sai rariya.

"Ƙirga fa? Kwamiti zai nemi adadi."

"Ɗebi ɗigo ɗaya, ki farfasa shi son ranki, ki ba injin ya ƙirga ya ji daɗinsa. Sauran ki bar su da 'yan'uwansu."

Sati uku aka yi kafin sakamako ya fito. A cikinsu matakalata ta sauko daga shida zuwa biyar. Dakta ta zo gidan da kanta da takarda a jaka, ba ta ko zauna ba. Tsohuwar hanya, huɗu cikin ɗari. Hanyar Sannu-Sannu, ashirin da uku. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga hannu.

"Ɓeraye biyu na sabuwar hanya sun mutu. Bugun zuciyarsu ya rikice. Na duba, inda dunƙulen ya fi girma ne."

"Fasa-Kwalba ya sani?"

"Ya ce in gaya miki ya faɗa."

"Ya faɗa. Ki ce masa na ji." Ban ji daɗin faɗar haka ba. "Rariyar ce ta yi faɗi. Nemo mai ƙananan ido, kada dunƙule ya wuce ƙwaya ashirin zuwa talatin. Ki sake."

"Sai na ƙara ɗiba daga naki."

Auta, da ke jera mini magunguna a teburin cin abinci, ta ajiye kwalba da ƙarfi. "Wato ɓera ya ci kashi ɗaya, yanzu zai ci na biyu. Mama, ke za a yi wa magani ko su?"

"Su ne ke ɗanɗana mini."

"Ba abin dariya ba ne!"

"Wa ya yi dariya? Dakta, ɗebi."

Zagaye na biyu ba ɓeran da ya mutu, aka sami ashirin da ɗaya cikin ɗari. Farfesa ya rubuta wa kwamiti yana neman izinin canza tsari, na ji an ce sau uku ya yaga wasiƙar kafin ya aika. Kwamiti na zama sau ɗaya a wata. A zaman farko suka ce a kawo ƙarin bayani. A na biyu mutum biyu sun yi tafiya, ba a cika ba. Ni kuwa ƙafafuna sun kumbura har takalmin ɗaki ya ƙi shiga. Na sauko ta huɗu. Auta ta kira masu ɗaukar kaya suka sauko da gadona falo ba tare da ta tambaye ni ba, muka yi kwana biyu sai gaisuwa.

Wata safiya na farka numfashi ya ƙi zuwa. Ruwa ya taru a huhu. Aka mayar da ni asibiti, gado na tara ɗin dai, da robar iska a hanci. Kwana uku ana janye ruwan. A na huɗu da hantsi Farfesa ya shigo shi kaɗai, ba taye, da tsohuwar takardar mai shafi goma sha ɗaya a hannu.

"Malama, ba gardama na zo yi ba. Kin yi gaskiya, zan faɗa a gaban kowa. Amma kwamiti sai nan da sati uku, ban kuma san me za su ce ba. Tsohuwar hanya tana da izini yau. Ki sa hannu, jibi in yi miki. Biyar ta fi babu."

Auta ta matso ta kama ƙafata ta cikin bargo. Idanunta suka cika. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zare robar daga hancina don maganar ta fita sosai.

"Nawa suka rage a tukunyar sanyi?"

"Miliyan ashirin. Bayan narkarwa, sha shida in an yi sa'a."

"Biyar cikin ɗari na sha shida?"

"Dubu ɗari takwas."

"Sauran miliyan goma sha biyar su tafi hanta su mutu. Don wannan aka buga mini lantarki a ƙirji? Tuli ɗaya nake da shi, Fasa-Kwalba. Na taɓa ganin amsa da idona na soke ta don takarda ta yi kyau. Ba zan sake sa hannu a kan abin da na san ba daidai ba ne, balle a kan zuciyata."

"In kika mutu kafin sati ukun fa?"

"Ka ba Dakta ƙwayoyin ta ƙarasa aikin. Lauya na nan, za ta rubuta."

"Ba abin da zan rubuta," in ji Auta. Ta goge fuska da bayan hannu, ta juya ga Farfesa. "Wa ke shugabantar kwamitin nan? Ba su da dokar zaman gaggawa?"

"Akwai, amma ban taɓa ganin an..."

"Ba ni dokar."

A nan bakin gadona ta rubuta wasiƙar, a kan cinyarta. Ban ga abin da ta sa a ciki ba, na dai ji ƙarar biron. Da ta gama ta ce mini, "Ba don na yarda da ke ba ne. Don na gaji ne."

"Ko don mene ne, sa kwanan wata."

Kwana takwas bayan nan kwamiti ya zauna, ya ba da izini ga mutum ɗaya, da sharaɗin a kwantar da ni sati guda ana kallon bugun zuciyata. Sabuwar takarda shafi goma sha uku ce. Na karanta duka, na gyara musu lamba ɗaya a shafi na huɗu, na sa hannu.

Narkarwa ba ta yi mana sa'a ba, ɗaya cikin huɗu suka mutu, aka tashi da miliyan goma sha biyar. Dakta ce ta haɗa su. An ce da ta mayar da su akwatin ɗumi ta rasa abin yi da awar, sai ta haɗa shayi. Idona biyu aka yi allurar, ina jin Farfesa na ƙirga sukar a hankali, har goma sha biyu, a zagayen tabon.

An yi wa wani kaso na ƙwayoyin alamar da na'urar hoto ke gani. Washegari aka tura ni cikin na'urar, aka fito da ni, na ce a juyo mini allon. Ga huhu da ɗan haske-haske, ga hanta. A gefen hagu na zuciya kuwa akwai wani lanƙwasasshen haske kamar yankan farce, yana motsi da kowane bugu, bai gusa ba.

"Nawa?"

"Sha tara," in ji Dakta.

Na yi lissafi a kaina. Ya ninka abin da tsohuwar hanya za ta bar mini tun ranar farko fiye da sau biyu, duk da rabon ɓeraye da asarar sanyi. Farfesa ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

"Tamanin da ɗaya sun tafi," na ce masa. "Kada ka yi mini wannan fuskar. Aiki na gabanka."

"Malama, ko yau ɗaya ki bar mutum ya ji daɗi."

"In za ka rubuta, sunan Sannu-Sannu cikakke a sama, ba a layin godiya ba."

Sun zauna, iyakar abin da hoton ya nuna ke nan. Ko zaman nasu zai gyara tsoka, wannan wata tambaya ce, kuma na ji isassun alkawura a wannan fanni da ba su kai ko'ina ba.

Wata uku bayan haka na gaji da kwana a falo, na ce zan hau in ɗauko zanen gadona da kaina. Auta na bayana tana mita. Na dafa bango, na tsaya in huta.

"Mama," ta ce. "Mama, dubi ƙafarki. Ta tara ce!"

Na duba. Ta tara ce.

"An canza mini maganin fitsari a watan jiya, yana iya zama shi. Mutum ɗaya kuma ba sakamako ba ne."

"Wallahi ke dai ba a iya miki!"

"Je ki ɗauko mini koren littafin, yana kan tebur."

Dakta ta ba ni aronsa, ban kuma yi niyyar mayarwa ba. Auta ta sauka ta dawo da shi da biro biyu da ta tsinta a gwangwani. Na zauna a kan matakalar, na buɗe shafin, numfashina na dawowa sannu a hankali. Ta miƙo mini na hannun damanta.

"Ba jan ba," na ce. "Ba ni baƙin."

A ƙarƙashin ɓera na goma sha ɗaya na rubuta sha biyu, da kwanan wata, da sha tara cikin ɗari, da matakala tara. Sannan na miƙa mata littafin, na kama ƙarfen bene, don saura biyar.